Adashen da Ba Na Fatan Kwasa

Shekarar da albasa ta yi kyau a fadamar Wurno
na cika rudu uku, na zauna jiran ta yi daraja.
Wata Laraba bayan La'asar
wani yaro mai jakar takardu ya tara mu gindin ɗorawa
yana bayanin inshorar lafiya.

Ni na fara sa masa dariya.
Na ce, "Yaro, mi kaka nuhi?
In biya kuɗin ciwon da bai zo ba?
Baƙon da bai yi sallama ba, shi za a yanka wa akuya?"
Aka kwashe da shewa. Ya naɗe takardunsa.
Mutum guda ya bi shi ya ba da suna,
Labbo mai faci, da ko keken kansa bai da shi.
Muka ce abin nasa ya wuce tsiya.

Ciwo bai san farashin kasuwa ba.
Ya sami Kuluwa cikin dare, saura wata biyu albasa ta tashi.
Ta dafe cikinta ta dama,
ta cusa bakin zane a baki don kada yara su farka.
Kafin assalatu muna Sakkwato.
Likita ya danna, ta yi ƙara, ya ce aiki, kuma yau.
Aka miƙo mini 'yar takarda, ba ta kai tafin hannu ba,
na karanta lambar sau uku
har gwiwata ta nemi ta ƙi tafiya.

Dillali ya san fuskar mai majinyaci.
Bai taya ba, yankewa ya yi:
rudu uku a kuɗin ɗaya da rabi.
Injin ban-ruwa ya bi baya,
sai jar akuyar da Kuluwa ta raina tun tana shan nono.
Ragowar na ranto wurin ƙaninta,
wanda har yau in na hange shi a masallaci
nake sake sahu don kunya.

Kwana na huɗu, a kan bencin asibiti,
ga Labbo, ya kawo ɗansa Jabbi da tsinken taya ya huda wa ido.
Na ce, "Me ka sayar?"
Ya cire hula, ya zaro kati daga cikin naɗinta,
ya miƙa ta taga, ya cika ɗan abin da ya rage,
ya dawo da canji, ya saya mana fura.
Bai tuna mini da gindin ɗorawa ba.
Da ya tuna, da ya fi mini sauƙi a zuciya.

Sai da muka shanye ya ce,
"Adashe ne, Mode,
amma irin wanda kake roƙon Allah kada kwasa ta zo kanka.
In shekara ta wuce ba ka kwanta ba,
kuɗinka sun je sun ɗinke cikin matar wani.
Ina asara a nan?"

Kuluwa ta tashi. Tabon yana nan, tana nuna wa mata.
Ni kuma rani biyu ina ban-ruwa da injin haya.

Yanzu mu bakwai muna da kati.
Ba laya ba ne. Akwai layi, akwai jira,
wani maganin a ce babu, ka fita ka saya.
Kawuna ya ce raunin tawakkali ne.
Na ce, "Kawu, kai ma kana ɗaure jakinka kafin ka shiga salla,
kuma kai ka koya mini ba a fafe gora ranar tafiya."

Bana na sake cika rudu.
Dillali ya zo yana leƙen fuskata.
Na ce ya dawo bayan ruwa ya sauka,
gidanmu kowa lafiya.